Gangar da Ake Ba Ruwa

Ajiye bandirin nan, Nura, kafin ka ƙarasa shi. Dubi yadda ka riƙe shi sai ka ce faifai. Me ka ce? In ba ka fata da gam kai ma za ka ɗaura? To madalla. Ku ɗaliban unguwar Hayyin Ashir haka kuke, kuna yi wa rogo kallon kitse. Kun ga tsoho zaune a tabarma da wuƙa da igiya, shi ke nan kun yanke cewa wannan ba aiki ba ne, zaman kashe wando ne. Ku zauna, shayin ma bai tafasa ba. Tunda Maulidi ya matso kun kwaso mini bandiranku duk a yage, sai kun ara mini kunnuwanku tukuna.

Ni ma da karatu na zo Alƙahira, kamar ku. Tallafin karatun ya yanke ina tsakiyar hanya, kunyar komawa gida hannu rabbana ta hana ni tafiya, na shiga yawon neman abin yi. Wani Bahaushen Sudan da muke salla tare ya kai ni layin masu kayan kiɗa, wajen wani tsoho da ake kira Usta Ramadan. Aikin farko da ya ba ni fatar kifi ce, irin ta manyan kifayen Nilu, a jiƙe cikin bokiti, warinta har cikin ƙwaƙwalwa. Ya miƙo mini dakusasshiyar wuƙa ya ce in kankare naman da ya rage a jikinta, kada in huda. Na huda. Ya ba ni wata, na sake hudawa. Bai zage ni ba, sai ya ce "Ma'alish," wato ba komai, ya ɗauko wata, kuma wallahi wannan ma'alish ɗin ta fi mari zafi. Sai da na yi watanni ina kankara kafin ya bar ni na taɓa kango, wato icen ko tukunyar da ake ɗaura fatar a kai.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan kuna gani. Wuƙar yanka, wuƙar kankara, basillar huda baki, igiya, tukunyar dafa gam, da wannan 'yar gudumar katako. Wanda ba ku lissafa ba shi ne babban yatsa. Da shi ake danna tsakiyar fata a ji ko ta kai, kuma babu malamin da zai iya karanta maka wannan. Fatar kifi mai saurin fushi ce, ka ja ta da yawa ta yage. Ta akuya mai haƙuri ce. Ta maraƙi sai ka sha wuya kafin ta yi laushi. Amma doka ɗaya ce a kansu duka, kuma ku riƙe ta don za ku gane abin da zan ba ku labari: danshi maƙiyin ganga ne. Ganga in ta sha sanyi sai ta saki, muryarta ta mutu. Maganinta zafi. Makaɗan Masar ƙwan lantarki suke kunnawa a cikin gangarsu tabla. Namu na gida su kara ta a wuta ko su shanya ta a rana. Duk wanda ya taso a gidan kiɗa, daga Sakkwato har Aswan, da wannan ya buɗe ido.

Na ɗaura wa masu biki, na ɗaura wa 'yan ɗariƙa, na ɗaura wa matan zar, wanda shi ne borin mutanen nan. Akwai wata tsohuwa cikinsu da ba ta karɓar gangarta sai ta turara ta a ƙofar shago, ta cika mana wuri da hayaƙi har Usta ya fita yana tari. Kai Bashir, na ga ka ɓata fuska. Na san abin da za ka ce, littafin da kake karantawa na karanta shi tun ba a haife ka ba. Ni fata nake ɗaurawa. Abin da mai ganga zai kira da ita, wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa.

Roba ce ta fara karya mu. Aka shigo da fatar roba mai ƙusoshi, ba ruwanta da sanyi, ba ruwanta da zafi, kowane yaro ya ɗaure ta da sifana. Muna cikin wannan sai ga shekarar annoba, aka hana taro. Ba biki, ba maulidi, ba zar. Na yi watanni ban taɓa basilla ba, har Rabi matata ta fara yin cincin tana kai wa ɗalibai. A wannan shekara Usta Ramadan ya rasu, Allah ya jiƙansa, 'ya'yansa suka mai da shagon na sayar da waya. Na kwaso kayana na dawo da su wannan lungun falon da kuke zaune. Da ina da shago, abin da ya faru da bai faru ba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Bayan an buɗe gari sai wani ofishi a unguwar Dokki ya neme ni. Suna shirya taron makaɗan gargajiya daga ƙasashe, kayan baƙi kuma suna lalacewa a jirgi, ga zafin garin nan yana cin ice da fata. Suna son mai aikin hannu na da. Wata ma'aikaciyarsu mai suna Nuha ita ce tafinta tsakanina da baƙin. Ba sai na gaya muku yadda na ji ba, mutumin da ya shekara yana kallon bango.

Ta farko 'yar Koriya ce. A wajenmu da sai a ce mai bori ce, amma ita ta ce aikinta shiga tsakanin rayayyu da matattu, tana lallashin wanda ya mutu da ɓacin rai har ya haƙura ya bar iyalinsa su huta. Gangarta kalangu ce sak, sai dai kalangun da ya ƙoshi, mai ƙugu siriri da baki biyu. Na kai hannu zan matse igiyoyin yadda ake matse kalangu a hammata, ta yi dariya ta girgiza kai. Ba a matse ta. Baki ɗaya fatarsa mai kauri ce, ɗayan siririya, kowanne da muryarsa. Kafin in taɓa sai da ta zuba shinkafa a 'yar tasa ta ajiye a gaban gangar, ta sunkuya, sannan ta roƙe ni ta bakin Nuha kada in tsallake ta. Igiya ce ta tsinke, na sake mata, muka rabu lafiya.

Na biyu wani baƙin mutum ne daga Ostiraliya, cikin mutanen ƙasar na asali. Nasa ba ganga ba ce, wani dogon ice ne da gara ta rarake cikinsa, ana busa shi kamar kakaki, sai dai ƙararsa a ƙasa take, a ciki kake jin ta. Bushewa ta tsaga shi. An zane jikinsa da jar ƙasa da farar ƙasa, ɗigo-ɗigo da layuka, ya ce hanyar da kakanninsa suka bi ce da wuraren da suka sami ruwa, kuma zanen ba nasa ba ne shi kaɗai, na danginsa ne. Wuni guda ya yi tsaye a kaina ina cusa kakin zuma a tsagar da tsinke, don kada in shafi ɗigo ko ɗaya. Na yi gunaguni a raina ranar. Daga baya na ce ina ma kowa ya tsaya a kaina haka.

Ta uku ita ce Marta. Gajeriyar tsohuwa ce daga can ƙarshen arewacin Kanada, inda ƙanƙara ba ta narkewa, mutanenta ana ce musu Inuit. Ta shigo ɗakin ofishin tana haki, gumi ya jiƙe mata riga, tana rungume da abu a naɗe cikin bargo. Da ta kwance sai na ga bandiri ne, amma ya ninka namu faɗi, da ɗan gajeren mariƙi a gefe. Fatar siririya ce har kana ganin inuwar hannunka ta bayanta. Mariƙin ne ya girgiɗe a jirgi, aikin da bai kai ya kawo ba. Na kai yatsa zan ƙwanƙwasa tsakiyar fatar, ta cafke hannuna. Ba a dukan fatar, in ji ta. Bakin icen ake duka da sanda, ana juya gangar ana rawa, fatar kuma ita ce ke amsawa.

Daga nan ta ɗauko tsumma, ta tsoma a ruwa, ta shimfiɗa a kan fatar. Na kusa yin ihu. Na ce wa Nuha, "Gaya mata za ta kashe gangar."

Nuha ta faɗa mata, ta juyo da amsa. "Ta ce tasu da ruwa take rayuwa. In ta bushe sai ta tsage. Ta ce kada ka bari ta ga rana, kada ka kai ta kusa da wuta, tsumman nan kuma kada ya bushe."

Marta ta ci gaba da magana, Nuha tana fassarawa a hankali. A zamanin kakanta, bokayensu ne ke kaɗa irin wannan ganga cikin dogon duhun hunturu, idan wani ya kwanta ciwo ko farauta ta ƙi. Da 'yan mishan suka zo suka hana, aka daina. Mahaifinta ya ɓoye waƙarsa a ciki har ya tsufa, sannan ya koya mata. A wajensu kowane mutum da waƙarsa, ba a ɗaukar ta wani sai ya ba ka. Shi ya lanƙwasa icen nan da hannunsa. Fatar kuwa ta wata irin barewar ƙasarsu ce, ta ƙarshe da ya harbo kafin ƙafafunsa su ƙi. Bai daɗe da rasuwa ba.

"Ta ce abin da ya rage mata da hannunsa ya taɓa ke nan," in ji Nuha. "Ba ta son ta bar ta."

Gam kuwa sai ya kwana kafin ya kama, kuma abin da nake matse ice da shi yana gida. Na dafa ƙirji na ce amana ce, ta bar mini, jibi da za ta hau dandali za ta same ta garau. Ta daɗe tana kallona kafin ta sake ta.

To, a lokacin surukina yana gidan nan, mahaifin Rabi. Ba zan kama sunansa ba, Baba nake ce masa. Aikin ido muka kawo shi, yanar ido ta rufe masa gani. Shi kuwa makaɗin kalangu ne na mahauta tun yana saurayi, har girma ya sa ya ajiye. Lokacin da dangina suke cewa na je Masar karatu na ɓuge da kankarar fata, shi ne ya ce wanda ya iya ɗaura ganga ba zai bar mace da yunwa ba, ya ba ni 'yarsa. Kun san tsakanin mutum da surukinsa. Ba na cin abinci inda yake, ba na haɗa ido da shi, magana in ta wuce gaisuwa sai ta bi ta bakin Rabi. Na gaya wa Rabi zancen tsumma. Baba kuwa ido a ɗaure yake kwance a ɗaki, kuma ko da a buɗe yake, da wane baki zan ce wa mutumin da ya tsufa da gular kiɗa a hannu, Baba, ga yadda ake kula da ganga?

Na gyara mariƙin da yamma, na matse shi, na jingine gangar a wannan lungu da tsummanta. Washegari na ƙara jiƙa shi na fita tun Baba bai tashi ba, don in duba kayan sauran baƙin a Dokki. Rabi ta raka yara makaranta, daga can ta wuce neman maganin ɗigawa a ido. Abin da na sha'afa da shi shi ne, likita ya kwance wa Baba ido tun jiya da yamma.

Bayan azahar na dawo, a tsakiyar bazara, irin ranar da kwalta take manne wa takalmi. Ina shigowa na ga tsumman a rataye a kujera. Lungun babu komai. Na leƙa baranda, ga gangar Marta an jingine ta da ƙarfe, fuskarta tana kallon rana, fatar ta yi fari ta ɗame. Ku tashi ku dubi barandar nan, ba ta fi mutum ɗaya faɗi ba. Baba yana zaune a bakin ƙofarta cikin inuwa, ya miƙe ƙafafu, ya tare hanya. In zan kai ga gangar, sai na tsallake ƙafafun surukina. Ga shi kuma ranar ban gaishe shi ba tukuna.

Na cire takalmi na tsuguna. "Baba, barka da rana."

"Barka kadai, Malam Habu. An dawo? Ya hanya? Ya zafin nan?"

"Alhamdu lillahi. Ya ƙarfin jiki, ya idon?"

"Ido sai godiya. Ya mutanen Dokkin? An same su lafiya?"

"Lafiya lau. Baba, dama gangar nan..."

"A'a, kada ka damu, na gyara maka ita." Fuskarsa ta cika da murna. "Wani sakarai ne ya jibga mata jiƙaƙƙen tsumma, ina jin yaran nan ne. Tun hantsi na fitar da ita. Ji yadda ta fara magana." Ya miƙa hannu ya ɗalle ta da farce, ta ce ƙau. "Ka gani? Idon nan da ka sa aka buɗe mini, aikin farko da ya yi maka ke nan."

Kafin in haɗa wata kalma sai ya ɗaga hannuwa sama. Kun san addu'ar tsofaffi, ba a katse ta. Allah ya yi maka albarka, Malam Habu. Amin. Yadda ka buɗe mini ido Allah ya buɗe maka ƙofofin arziki. Amin. Allah ya jiƙan mahaifanka. Amin. Allah ya raya zuriya. Amin. Hannuwana a sama, kaina a ƙasa, ina satar kallon gangar ta gefen ido, ina cewa a raina yanzu zai shafa, yanzu zai shafa. Ya shiga jero yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Yana kan ta biyun na ji ɗas! Fatar ta yage tun daga bakin ice har tsakiya, gefen ya naɗe kamar busasshen ganye.

Baba ya shafa addu'a, ya juya ya duba. "Assha! Fatar ta tsufa. Dama irin wannan mai sirantaka ba ta ƙarko. Ka sa mata ta akuya, za ta fi wannan."

Na ce, "To, Baba."

Da Rabi ta dawo ta gani, sai da ledar hannunta ta faɗi. Ta ja ni kicin ta ce bari ta gaya masa. Na ce kul, kada ta soma. Mutum ya yi alheri da zuciya ɗaya, ido sabon buɗewa, a ce masa ya yi ɓarna a gidan surukinsa? Ta ce to matar fa? Na ce wannan nawa ne.

Na naɗe gangar a zanen Rabi na hau mota zuwa Dokki. Na yi shekaru a garin nan, an kore ni daga gidan haya, an kira ni da sunayen da ba zan maimaita muku ba, amma ban taɓa jin kunya irin ta wannan tafiya ba. Na so a ce motar ta yi ta tafiya kada ta isa. Na same su a ɗakin ofishin, Marta na ganina ta miƙe da murmushi. Na ajiye a tebur na kwance zanen, na kasa ɗaga kai.

Nuha ta ce, "Ya Ustaz Habu, me ya faru? Wa ya yi wannan?"

Na ce, "A gidana aka yi. Rana ce ta ci ta."

Marta ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta bi tsagar da yatsa tun daga baki har tsakiya, ta dawo. Sannan ta faɗi wata gajeriyar magana. Nuha ta kau da kai, sai da na ce ta faɗa mini.

"Ta ce ai ta gaya maka ruwa."

Na ce, "Ta gaya mini."

Ta karɓi wuƙata, ta yanke igiyar da kanta, ta zare fatar, ta ninke ta a hankali tana kakkaryewa, ta cusa a cikin rigarta wajen ƙirji. Ta tura mini icen tsirara. Nuha ta ce, "Ta ce gobe za ta hau, don ta yi wa mutanen garinsu alkawari. Ka sa mata abin da kake da shi."

Fatar ɗan akuya na samo, mafi sirantar da ke kasuwar majema. Na yi ta kankararta har ta kusa zama takarda, ban huda ba. A duk rayuwata ban yi aiki mai kyau irin wannan ba, kuma na san ba zai yi ba.

Ranar taro Baba ya ce sai ya je. Ya ce ya gaji da kwanciya, yana son ya ga gangunan duniya da sabon idonsa. Ya sa babbar riga, Rabi tana ta kallona, ni kuwa ba ni da hanyar cewa a'a. Da la'asar aka fara, a wani buɗaɗɗen fili. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Da 'yar Koriya ta fito cikin tufafi masu launi tana juyi tana tsalle, sai ya manta da surukuta ya taɓo ni ya ce, "Kai, matar nan ta san hannu!" Da mai dogon icen ya busa, ya ce wannan numfashi ba na mutum ɗaya ba ne.

Sai aka kira Marta. Ta fito ita kaɗai, ganga a hannu ɗaya, 'yar tasar ruwa a ɗayan. Ta ajiye tasar, ta tsoma hannu, ta shafe fatar da ruwa a hankali, ta zagaye ta duka, ta sake tsomawa ta sake shafawa. Sannan ta ɗaga gangar ta fara juya ta tana dukan bakin icen, tana lanƙwasa gwiwa. Sautin gajere ne, yana fita yana mutuwa nan take. Fatar akuya ce, ba ta san waƙar ba. Marta ta rera waƙar mahaifinta har ƙarshe a kan wannan sauti, hannunta na riƙe da sanda, amma sau da yawa yakan koma ya dafe ƙirjinta. Mutane suka yi ta tafi, su a ganinsu haka abin yake.

Baba bai tafa ba.

"Habu." Bai taɓa kirana babu Malam ba sai ranar.

"Na'am, Baba."

"Ruwa na ga ta shafa mata?"

"Ruwa ne."

"Haka ake yi wa irinta?"

"Haka ake yi."

"Tsumman nan, ba yara ne suka sa ba."

"Ita ta sa. Ni na ƙara jiƙa shi."

Can ya ce, "Fatar da ta yage, ta wace ce?"

Na gaya masa. Barewar ƙarshe, da tsohon da ya rasu, da waƙar, duka, kaina a sunkuye.

Ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. "Kana ganin gangar marainiya a rana, ka tsuguna kana ce mini amin? Da ka tsallake ni, Habu. Da ka ture ni. Ni makaɗi ne tun kafin in zama surukinka."

Ya miƙe ya nufi gefen dandali inda Marta take saukowa, na bi shi a baya. A gaban jama'a, dattijo da furfura da babbar riga, ya tuɓe takalmansa ya tsuguna a gabanta a kan dutsen da rana ta gasa wuni guda. Ba shi da harshen da zai yi mata magana da shi. Marta ta tsaya ta dubi Nuha, Nuha ta dube ni.

Na ce, "Surukina ne. Makaɗi ne. Ya ga ta jiƙe, ya shanya ta don ya taimake ni."

Nuha ta fassara. Marta ta daɗe tana kallon hannuwansa. Sannan ta yi magana, ta rungume gangarta ta wuce wajen motarsu.

"Ta ce ya tashi," in ji Nuha, "ƙasar da zafi."

Bai tashi ba sai da motar ta fita daga filin. Ni kuma ina tsaye a kansa, na rasa yadda zan kama hannunsa.

Ya ƙara makonni a gidan nan kafin likita ya sallame shi. Bai sake zama a barandar nan ba, bai sake kallon lungun aikina ba. Kullum da safe in na cire takalmi na tsuguna zan gaishe shi, kafin in gama cewa ina kwana sai ya ce, "Lafiya lau. Tashi ka duba kayan mutane."